Kafaɗar Hagu ta Baya

Tun da na yi wayo babana Evaristo yake gaya wa duk wanda ya yi kuskuren zama kusa da shi cewa mu jinin manya ne. Hujjarsa ɗaya ce tal, wani tsohon hoto da ke rataye a falonmu a garin Seraing na ƙasar Beljiyam, saman talabijin. Kakansa Saturnino ne a ciki, bisa farin doki, da gashin baki murɗaɗɗe kamar ƙahon rago, bayansa kuma wani katafaren gida mai hawa uku da ginshiƙai.

"Gidanmu ke nan a Navalcierzo," haka yake cewa, yana nunawa da cokali. "Ki dubi tagogin nan. Ki ƙirga."

Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, 'yar Beljiyam ce, ba ta da haƙurin irin wannan zance. Takan ce, "To in gidanku ne, me ya kawo ubanka ramin kwal?" Sai Baba ya ce siyasa ce, ba za ta gane ba.

Ni dai na san abin da ke cinsa. A Beljiyam aka haife shi, a nan ya yi shekara arba'in yana tuƙa injin ɗaga kaya a masana'antar ƙarfe, amma har ya yi ritaya abokan aikinsa ɗan Sifaniya suke ce masa. Ƙauyen nasu na Sifaniya kuwa bai taɓa taka shi ba. Ubansa Baldomero ya baro can a 1957, ya mutu bai koma ba, kuma ko sunan garin aka ambata sai ya tashi ya tafi ba tumatirinsa ruwa. Bayan rasuwar Mama sai Baba ya fara maimaita magana ɗaya: "Nieves, ina so in je inda zan faɗi sunana a ce an san mu." Ba gidan bene yake nema ba, ko da yake ba zai yarda da bakinsa ba. Mutum ɗaya yake nema wanda zai dube shi ya ce, kai namu ne.

Ni direbar bas ce. Wata goma sha ɗaya nake yi ina fama da sitiyari, sai ga hutuna na Agusta ya ƙare a tuƙin kwana biyu, da Baba a gefena yana gyara mini yadda ake shan kwana. Ya ɗauko kwat ɗinsa ta biki, ya naɗe hoton a tawul ya rungume shi tun daga Liège, birnin da ke kusa da mu, har kan iyakar Sifaniya.

Mun isa da tsakar rana, zafi kamar a bakin tanda. Muka zaga garin sau biyu, abin da bai ɗauke mu minti goma ba. Babu gida mai hawa uku. Abin da ya fi komai tsawo shi ne hasumiyar coci, da sheƙar shamuwa a kanta. Baba ya ce wataƙila a bayan gari yake, manya ba sa zama cikin hayaniya. Hayaniyar da ke garin a lokacin kare ɗaya ne, shi ma barci yake.

Muka shiga mashayar garin. Tsofaffi huɗu na karta, mai wurin kuma, wani ƙato mai suna Fulgencio, yana yanka wainar ƙwai da dankali. Baba ya gyara kwat, ya yi gyaran murya.

"Ni ne Evaristo Barrientos. Asalina nan garin ne."

"Madalla," in ji Fulgencio, bai ko ɗago kai ba. "Ni ma Barrientos ne. Waɗannan huɗun Barrientos ne. Wancan mai hula ma Barrientos Barrientos ne, ta uwa ta uba, shi ya sa ba ya cin karta. Ɗan wane gida ne kai?"

"Na gaya maka, Barrientos."

"A'a, maigida, wannan sunan takarda ne. Me ake ce muku? Mu gidan Masu Tafarnuwa ne. Wancan ɗan gidan Gurgun Jaki ne. Ku fa?"

Baba bai sani ba. Maimakon ya ce bai sani ba, sai ya warware tawul ya ɗora hoton a kan kanta, ya ja da baya yana jiran a tashi tsaye.

Fulgencio ya duba. Ya goge hannu, ya sake dubawa. Sannan ya nuna bangon da ke bayansa da wuƙar hannunsa. Can tsakanin kalanda da agogo ga wani hoto: gida mai hawa uku, ginshiƙai, farin doki ya ɗaga ƙafar dama. Mutumin da ke kai ne kawai daban.

"Kakana ke nan," ya ce. "Mai hula, kai ma kuna da shi, ko?"

"Biyu ma," in ji mai hula. "Ɗaya har da kakata a gefe."

Ashe wani mai hoto ne yake zuwa cin kasuwar shekara a zamanin da, da zanen gida a jikin ƙyalle da mataccen doki da aka cusa wa ciyawa. Har kwat ɗin da agogon aljihu nasa ne, aro yake bayarwa. Duk namijin da ya sayar da alkamarsa sai ya hau a ɗauke shi.

"Ba ku taɓa lura ba?" in ji Fulgencio. "Shekara talatin dokin nan bai sauke ƙafarsa ba."

Tsofaffin suka kwashe da dariya, har ɗaya ya sarƙe. Ba mugunta suka yi ba, na sani, amma na ji kamar in kifar musu da teburin. Baba ya naɗe hotonsa a hankali, kunnuwansa sun yi ja. Muna fita na ji wani yana cewa, "Bawan Allah, ɗan Beljiyam ne, ka ji yadda harshensa yake." Baba ma ya ji.

A mota ya ce, "Mu koma gida."

"Wane gidan? Kwana biyu na yi ina tuƙi, Baba. Ko kaburbura ne sai mun gani. Akwai littattafan coci."

Limamin coci, wato Fada, shi kaɗai ke kula da ƙauyuka bakwai, sai ranar bikin Waliyyi Roke zai zo, wato jibi. Makullin cocin yana hannun Goggo Casilda, 'yar ƙaramar tsohuwa mai shekara casa'in da ɗaya, wadda ta fi ni sauri a kan tudu. Ta buɗe mana, ta jibge mana littattafan baftisma guda uku masu warin ɓera. Muka yi sa'a guda muna fama. Barrientos a kowane shafi, Baldomero har uku a shekara ɗaya.

"Wanne ne naku a ciki?" ta tambaya.

"Ubansa Saturnino," in ji Baba da muryar wanda ya gaji.

Tsohuwa ta tsaya cak. "Baldomero na Saturnino? Saturnino na Melitón?"

"Ban san Melitón ba."

"Wayyo ni Casilda!" Ta dafe ƙirji, ta lalubi benci ta zauna, ta kama dariya har da hawaye. "Rufe littafin nan, ɗana, rufe. Ba a nan tarihinku yake ba. Taho."

Ta ja mu zuwa wani lungu inda mutum-mutumin Waliyyi Roke yake tsaye, na katako, tsawonsa ya kai na yaro ɗan shekara goma, da sandarsa da ɗan karensa a gindin ƙafa. Ta ɗage masa alkyabba kamar likita.

"Kun ga wuyan nan? Kun ga inda aka liƙa? Melitón ne, 1889. Rina ta harbe shi a ƙeya a kwanar maƙera. Kan Waliyyi ya gangara har ƙofar gidan magajin gari. Wannan hannun kuma, yatsa uku ba na asali ba ne. Saturnino, 1924. Ya ɗaga kai yana kallon wata yarinya a taga. Ita ce kakarka, in kana son sani, ta ce tunda ya zubar da Waliyyi saboda ita ai dole ta aure shi. Wannan Waliyyin ma gaba ɗayansa sabo ne. Na farkon, uban Melitón, Ciriaco, shi ya kai shi ƙasa a kan gada, ba a samu abin liƙawa ba."

Baba ya dube ta ya ce bai gane ba.

Ta yi mana bayani. Ranar biki mutum huɗu ke ɗaukar Waliyyi bisa gadonsa na katako a kafaɗa, su zaga gari su dawo. Kowace kafaɗa ta gida ɗaya ce, gado ne daga uba zuwa ɗa. Kafaɗar hagu ta baya tamu ce. Kuma duk namijin gidanmu, ranar da ya fara ɗauka, sai ya kayar. Daga nan shi ke nan, sai ya shekara talatin yana ɗauka ko tuntuɓe bai yi ba.

"Gidan Masu Kayarwa," in ji Goggo Casilda. "Sunanku ke nan. Ko jariri ya san shi, ko da yake ba a ga ɗayanku ba tun ina budurwa."

"Babana fa?"

Ta nuna karen. Kunnensa ɗaya ne.

"A kwamin shan ruwan dabbobi, 1957. Tsundum! Ina wurin, har ruwan ya fantsamo mini a sabuwar riga. Muka yi dariya. Ai kullum dariya ake yi, kowa ya san za a yi, har cewa ake shekarar da suka kayar an fi samun alkama. Kakanka ma da aka yi nasa, shi ya fi kowa dariya." Ta gyara wa Waliyyi alkyabbarsa. "Amma Baldomero bai yi dariya ba. Shi mai zuciya ne, abu kaɗan ke shigarsa. Yara suka sa shi a waƙa, mu 'yan mata muka taya su. Da kaka ta wuce ya ɗauki akwati. Mun ɗauka zai huce ya dawo."

Tausayin kakana ya kama ni, mutumin da na sani da shiru da tumatir kawai. Shi kuwa Baba, haushi ne ya kama shi.

"Ni shekara arba'in ina ɗaga narkakken ƙarfe a kan mutane," ya ce. "Ko ɗigo ban taɓa zubarwa ba. Akwai takardar yabo."

Tsohuwa ta ƙare masa kallo daga takalmi har kwala. "Shi ya sa nake shakka. Ka cika tsaf-tsaf. Su mutanen nan ko ƙofa za su shiga sai sun gaisa da ita da goshi. Suna kuwa kowa na iya zuwa da shi." Ta kaɗa makullai. "Kafaɗar tana nan dai. Gidan Fulgencio ke riƙe da ita amana, shekara sittin da takwas, kullum yana kukan ciwon baya. In taka ce, jibi ka zo ka ɗauka."

Kafin la'asar duk garin ya ji. Baba kuwa ya ɗaura niyyar wanke sunan zuri'a. A tsakar gidan da muka sauka ya samo katako ya ɗaure masa buhun dankali, ya sa ni riƙe gaba, muka yi ta kai da komo har kafaɗata ta yi tsami. Washegari ya bi hanyar da za a bi taku-taku, yana tsince duwatsu yana zubawa a aljihu. Ya je kwanar maƙera ya leƙa ƙarƙashin kowane rufi ko akwai gidan rina. Ya ce in tambayi matan garin ko za su rufe tagoginsu. Na ce wannan kam sai dai ya tambaya da kansa.

Ranar biki garin ya cika da 'ya'ya da jikokin da suka dawo hutu daga birane. Da muka fito na ga abin da ban taɓa gani ba: katifu. An shimfiɗa su a kowace kwana, wasu sababbi da ledarsu, wasu da taswirar fitsarin jikoki. A gaban kwamin ruwa an jera damin ciyawa. Fada ya iso yana gumi, ya ga katifun, aka raɗa masa dalili, ya ɗaga ido sama. Goggo Casilda ta naɗa wa Waliyyi gyale a wuya, a cikin zafin nan.

Fulgencio ya miƙa wa Baba ɗan matashin da ake sawa a kafaɗa. "Ga amanarku. In za ka kayar, don Allah ta hagu, matata tana dama."

"Ba za a kayar ba," in ji Baba.

Aka buga ƙararrawa, masu algaita da ganga suka kama, aka ɗaga. Ni kam na san babana, amma ranar ya ba ni mamaki. Tafiya yake kamar an ɗora shi a kan layin dogo. Sauran ukun suna nishi suna karkacewa, shi yana gyara musu nauyi ta baya ba tare da sun sani ba. Aka zo kwanar maƙera, mutane suka ɗaga wayoyinsu, suka riƙe numfashi. Aka wuce. Aka zo layin tagogi, wata tsohuwa har da ɗaga masa hannu da kashe ido don ta taimaka. Ko kallonta bai yi ba. Aka zo kwamin ruwa, masu ganga da kansu suka sassauta. Aka wuce lafiya lau.

A nan ne na fara jin maganganu a bayana.

"Ba shi ba ne."

"Ai na faɗa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

"To ya dai yi ƙoƙari, ɗan Beljiyam ɗin. Mutumin kirki ne."

"Kai Paco, ɗauko katifar nan mu tafi, kada rana ta cinye ta a banza."

Wayoyi suka koma aljihu. Aka fara tafa masa, irin tafin ladabi da ake yi wa baƙon da ya yi jawabi mai tsawo. Mutane na jan katifunsu zuwa gida tun ba a gama ba. Wani ya matso ya ce masa, "Sannu da aiki, maigida, mun gode da ziyara." Na ga maganar ta shige shi. Fuskar da ta fito daga coci cike da alfahari ta saki, ya zama tsoho mai gumi a cikin kwat, a garin da ba wanda ya san shi. Ya yi abin da ubansa da kakanninsa uku suka kasa, kuma shi ne ya mai da shi bare. Raina ya ɓaci ƙwarai, na rasa wanda zan zaga.

Saura matakala uku na ƙofar coci. Katifa ɗaya ce ta rage a garin, a gefen hagu na matakalar, Goggo Casilda na zaune kusa da ita a kujerar roba tana fifita. Baba ya dube ni. Ya dubi katifar. Na san kallon nan, shi ne kallon da yake yi wa fili kafin ya ce mini motar za ta shiga ko ba za ta shiga ba.

Ya hau ta farko. Ya hau ta biyu. A ta uku ya ce "Wash!" da ƙarfin da ko kurma zai ji, ya sauke kafaɗarsa.

Waliyyi Roke ya karkata a hankali, da mutuncinsa, ya sulale ya kwanta a tsakiyar katifa kamar mai shirin barcin rana. Karen ne kawai ya bugi gefen dutse. Wani ɗan abu ya yi tsalle ya faɗi a gaban takalmin Fada. Ɗaya kunnen ne.

Shiru, har ana jin shamuwa na kaɗa baki a sama. Sai Goggo Casilda ta miƙe, ta nuna shi da mafici.

"Kai ɗan Baldomero! Allah ya shirye ka! Ka ƙarasa mana karen!"

Garin ya fashe. Ban taɓa jin ihu irin wannan ba, ko a filin ƙwallo. Masu jan katifa suka yar suka dawo a guje suna tambayar wa ya ɗauka a waya, ba wanda ya ɗauka. Wani ya hau ya kama buga ƙararrawa ba ƙa'ida. Fulgencio ya rungumi Baba ya ɗaga shi sama yana cewa, "Sakarai ɗan sakarai jikan sakarai! A bakin ƙofa? Ko Melitón bai yi wannan ba!" Mai hula ya ce shi tun a mashaya ya ga kunnuwan Saturnino a kansa, bai dai so ya faɗa ba ne. Tsofaffin mata suna dukansa da mafici suna sumbatar kumatunsa. Ba wanda ya sake ce masa maigida. Zagi kawai yake sha ta ko'ina, yana tsaye yana kuka yana dariya, kwat ta yamutse.

Ni direba ce, na san bambancin hatsari da ajiye mota. Na juya na ga Goggo Casilda na kallona.

"Na gani," ta ce ƙasa-ƙasa. "Kakanninsa ba su taɓa auna wuri ba. Ki yi shiru da bakinki, yarinya."

Na ce ban ga komai ba.

Da rana ta yi sanyi aka jera tebura a dandali. Na nemi Baba ban gan shi ba, sai can na hango shi zaune a bakin kwamin ruwa shi kaɗai, ya cire takalmi. Na je na zauna kusa da shi. 

"Kin san wani abu, Nieves?" ya ce. "Kakanki bai taɓa ɗaukata ba. Ko sau ɗaya. Ina ƙarami, in na miƙa masa hannu, sai ya zura nasa a aljihu ya ƙwala wa uwata kira. Ke ma da aka haife ki, na miƙa masa ke a asibiti, ya ja da baya har ya bugi bango." Ya share fuska da hannun kwat. "Shekara sittin ina zaton ba ya sona ne."

 Na riƙe hannunsa.

Daga dandali Fulgencio ya ƙwalo kira. "Kai Mai Kayarwa! Abinci na hucewa! Taho ka zauna, amma kada ka taɓa tulun giyar nan, za a zuba maka!"

Baba ya sa takalminsa, ya tashi ya tafi.